BABI NA UKU: ƊAUKAR HOTO DA AIKIN TIYATA A KAN RAUNIN DA YA HUDA ƘWAƘWALWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙirar ƙoƙon kai da sassan ƙwaƙwalwa da aikin kowane sashe. A wannan babi kuwa za a duba abin da likitoci ke yi idan wani abu daga waje, kamar harsashi ko ɓallin bam ko wuƙa ko kibiya, ya fasa ƙoƙon kai ya shiga cikin ƙwaƙwalwa. Za a kawo ire-iren wannan rauni, da hanyoyin ɗaukar hotonsa, da yadda ake gudanar da tiyata, sannan da matsalolin da kan biyo baya.

Abin da jama'a suka fi ɗauka shi ne, da zarar an ciro harsashi to an gama magani. Masana tiyatar ƙwaƙwalwa ba su tafi a kan haka ba. A wurinsu, ɓarnar da harsashi ya yi a lokacin shigarsa ta riga ta auku, kuma babu aikin da zai dawo da naman da ya mutu. Abin da ya rage a hannun likita shi ne kare sauran ƙwaƙwalwar daga ɓarna ta biyu, wato taruwar jini da kumburi da shigar ƙwayoyin cuta. Hoto ne ke nuna masa inda wannan ɓarna take, kuma da shi yake tantance abin da za a ciro da abin da za a bari a ciki.

3.1 Ma'anar Raunin da Ire-irensa

Tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa akwai wani tantani mai kauri da ƙarfi wanda likitoci ke kira dura. Wannan tantani shi ne katangar da ke hana ƙwayoyin cuta isa ga ƙwaƙwalwa, kuma shi ke riƙe ruwan da ƙwaƙwalwa ke zaune a ciki. Idan abu ya fasa ƙashi ya kuma keta wannan tantani, shi ne ake cewa rauni ya huda ƙwaƙwalwa.

Masana sun kasa abubuwan da ke jawo raunin gida biyu. Kashi na farko su ne masu shiga ba da gudu mai tsanani ba, kamar wuƙa da kibiya da ƙusa da mashi da tsinken itace. Ɓarnar waɗannan takan tsaya ne a kan hanyar da suka bi, kuma sun fi shiga ta wuraren da ƙashi ba shi da kauri, musamman ramin ido da gefen kai tsakanin ido da kunne. Kashi na biyu su ne masu gudu, wato harsashi da ɓallin bam. Ƙarfin da harsashi ke ɗauke da shi ya fi dogara a kan gudunsa fiye da nauyinsa. Idan aka ninka nauyinsa sau 2, ƙarfinsa zai ninku sau 2, amma idan gudunsa aka ninka sau 2, ƙarfin zai ninku har sau 4. Saboda haka harsashin bindigar yaƙi ba ya tsayawa ga huda kaɗai. Yayin da yake wucewa yakan tura naman da ke kewaye da shi gefe guda, ya buɗe wani kogo na ɗan lokaci wanda ya fi faɗin harsashin nesa ba kusa ba, sannan kogon ya rufe. Wannan buɗewa da rufewa na yayyaga ƙananan jijiyoyin jini da ke nesa da hanyar harsashin, kuma yana zuƙo gashi da datti daga waje zuwa ciki.

Ta fuskar hanyar da harsashi ya bi kuma, ana samun wanda ya shafi gefen ƙoƙon kai ya wuce amma ya tura ɓarɓashin ƙashi cikin ƙwaƙwalwa, da wanda ya shiga ya tsaya a ciki, da wanda ya shiga ya ɓulla ta wani gefen, da kuma wanda ya bugi ƙashin ɗaya ɓangaren daga ciki ya karkata ya sake wata hanya.

Mafi shahara cikin misalan wannan rauni shi ne na Phineas Gage, wani shugaban ma'aikatan shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a jihar Bamont ta Amurka. A ranar 13 ga Satumba, 1848, nakiya ta tashi ta harba wani sandan ƙarfe mai tsawon fiye da mita 1 da nauyin kimanin kilo 6, ya shiga ta kuncinsa na hagu, ya bi ta bayan ido, ya fita ta saman kai. Gage bai mutu nan take ba. Abin da ya kusa kashe shi shi ne ruɓewar raunin a makonnin da suka biyo baya, har sai da likitansa John Harlow ya tsaga wurin ya fitar da mugunya. Ya rayu kusan shekara 12, sannan farfaɗiya ta kama shi, ya rasu a 1860. Waɗannan matsaloli biyu, wato ruɓewa da farfaɗiya, har yau su ne likitoci ke fargaba bayan majinyaci ya tsallake kwanakin farko.

3.2 Matakan Farko Kafin Ɗaukar Hoto

Mafi yawan waɗanda aka harba a ka sukan rasu kafin a isa da su asibiti. Wanda ya isa da rai, ba a fara kai shi ɗakin hoto sai an tabbatar yana samun iska kuma jininsa na gudana yadda ya kamata. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ba ta jure ƙarancin iskar oksijin ko faɗuwar awon jini. Don haka ake buɗe hanyar numfashi, a tsayar da zubar jini daga fatar kai, a sa ruwa ko jini gwargwadon buƙata. Haka kuma ana duba daskarewar jini, domin naman ƙwaƙwalwa da ya dagargaje yana sakin wasu sinadarai da ke rikita daskarewar, har jini ya ƙi tsayawa a lokacin tiyata.

Bayan haka sai a auna zurfin suman majinyaci da ma'aunin Gilasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a 1974. Ma'aunin yana duba buɗe ido da magana da motsin gaɓoɓi, kuma makinsa yana farawa daga 3 ya tsaya a 15. Wanda makinsa ya kai 8 ko ƙasa da haka, ana sa masa bututu a maƙogwaro a haɗa shi da na'urar taimaka wa numfashi. Ana kuma haska fitila a ido a ga ko ɗigon tsakiyar ido yana tsukewa. Idan makin ya tsaya tsakanin 3 da 5 bayan an daidaita numfashi da jini, kuma idanu biyu sun buɗe ba sa amsa haske, to da wuya a tsira. Har ila yau ana aske gashi a nemi mashiga da mafita, amma ba a cusa yatsa ko ƙarfe cikin raunin don a ji zurfinsa.

3.3 Hanyoyin Ɗaukar Hoto

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Kafin samuwar na'urorin hoto, likita yana lalube ne da ƙarfe cikin rauni don neman harsashi, kuma sau da yawa laluben ya fi harsashin ɓarna. Hanyoyin da ake amfani da su a yau guda huɗu ne.

3.3.1 Hoton Eksire

Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a ƙasar Jamus a watan Nuwamba na 1895, kuma ba a daɗe ba likitoci suka soma amfani da shi wajen neman harsashi a jiki. Ana ɗaukar kai ta gaba da ta gefe, domin hoto ɗaya ba ya nuna zurfin abu. Eksire yana nuna ƙarfe da karayar ƙashi da iskar da ta shiga cikin kai. Nakasunsa shi ne ba ya nuna naman ƙwaƙwalwa ko gudan jini. Saboda haka, a asibitin da ke da siti-sikan, tsayawa ɗaukar eksire ɓata lokaci ne. Amma a ƙaramin asibiti yana da amfani wajen tabbatar da cewa akwai ƙarfe a ciki kafin a tura majinyaci gaba.

3.3.2 Hoton Siti-Sikan

Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, shi ne ya ƙera wannan na'ura. An fara ɗaukar majinyaci da ita a asibitin Atkinson Morley da ke Landan a watan Oktoba na 1971, kuma a 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Allan Cormack. Na'urar tana kewaya kai da hasken eksire, kwamfuta kuma ta haɗa sakamakon ta fito da hoton kai yanka-yanka. A cikin hoton, iska baƙa ce ƙirin, ruwan ƙwaƙwalwa yana da duhu, naman ƙwaƙwalwa toka-toka ne, sabon gudan jini fari ne, ƙashi da ƙarfe kuwa sun fi shi fari.

Wannan hoto shi ne ginshiƙin bincike a kan raunin da ya huda ƙwaƙwalwa, domin ana gama shi cikin 'yan mintoci kuma ƙarfe ba ya hana ɗaukarsa. Abubuwan da likita ke nema a cikinsa sun haɗa da:

i. Mashigar harsashi da mafitarsa da hanyar da ya bi.

ii. Wurin da ɓarɓashin ƙashi da na ƙarfe suka tsaya, kusa da baki ne ko can ciki.

iii. Gudan jini, girmansa da inda yake, a saman tantani ne ko ƙarƙashinsa ko cikin naman ƙwaƙwalwa.

iv. Karkatar layin tsakiya. Ƙwaƙwalwa ɓangare biyu ce, dama da hagu. Idan jini ko kumburi ya tura ɓangare ɗaya ya haura layin tsakiya da fiye da milimita 5, alama ce ta matsi mai haɗari.

v. Ko raunin ya ratsa ramukan iska da ke cikin ƙashin goshi da na hanci da na bayan kunne, domin ta nan ƙwayoyin cuta ke samun ƙofa.

Bugu da ƙari, hoton yana taimakawa wajen hasashen makomar majinyaci. Harsashin da ya tsaya a ɓangare ɗaya ya fi sauƙi. Wanda ya ƙetare daga wannan ɓangare zuwa wancan, ko ya ratsa rijiyoyin ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, ko ya taɓa tushen ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya, galibi yakan kai ga mutuwa. Misalin wannan shi ne Gabrielle Giffords, 'yar majalisar wakilan Amurka a wancan lokaci, wadda aka harba a kusa da birnin Tusan na jihar Arizona a ranar 8 ga Janairu, 2011. Harsashin ya ratsa ɓangaren hagu na kanta ya fita ba tare da ya ƙetara layin tsakiya ba. Ta rayu, ko da yake ta samu wahalar magana da raunin gaɓoɓin dama, kasancewar ɓangaren hagu shi ke kula da magana a wurin yawancin mutane, kuma shi ke juya gefen dama na jiki.

Siti-sikan yana da nakasu biyu da ya kamata a sani. Na farko, ƙarfe yana watsa wasu layuka masu haske a cikin hoto waɗanda kan rufe abin da ke kusa da shi. Na biyu, busasshen itace yana fitowa baƙi kamar iska, ta yadda za a iya ɗaukar tsinken da ya karye a ciki a matsayin iska kawai, a sallami majinyaci da shi.

3.3.3 Hoton Jijiyoyin Jini

Egas Moniz na ƙasar Fotugal ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a 1927. Ana zuba wani rini a cikin jini wanda ke fitowa a hoto. A yau ana yin haka ta hanya biyu: ko dai a zuba rinin ta jijiyar hannu a ɗauka da siti-sikan, ko kuma a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu har zuwa jijiyoyin wuya. Hanya ta biyu ta fi nuna ƙananan jijiyoyi, kuma ta cikin bututun ana iya toshe jijiyar da ta lalace ba tare da an buɗe kai ba.

Dalilin wannan hoto shi ne, ɓallin ƙarfe ko ƙashi kan yi wa bangon jijiya lahani ba tare da ya tsinka ta ba. Wurin sai ya kumbura ya yi ƙululu, kuma yana iya fashewa bayan kwanaki ko makonni, a daidai lokacin da ake ganin majinyaci ya fara samun sauƙi. Bizhan Aarabi, likitan da ya yi wa sojojin Iran aiki a birnin Shiraz lokacin yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, yana cikin waɗanda suka yi rubutu a kan wannan matsala. Ana neman hoton jijiyoyi idan rauni ya shiga ta ramin ido ko fuska ko gefen kai, ko ya bi kusa da manyan jijiyoyin gindin ƙoƙon kai, ko aka ga jini mai yawa a kan hanyarsa, ko kuma sabon jini ya taru bayan kwanaki. Tun da ƙululun ba lallai ne ya bayyana a ranar farko ba, akan maimaita hoton bayan mako 1 zuwa 3.

3.3.4 Hoton Em-Ar-Ai

Wannan na'ura tana aiki ne da maganaɗisu mai ƙarfin gaske, kuma ta fi siti-sikan nuna naman ƙwaƙwalwa. Sai dai ba a shigar da wanda ke da ƙarfe a cikin kai, domin maganaɗisun na iya juya ɓallin ƙarfen ko ya ja shi, ya ƙara ɓarna. Da yake ba a cika sanin irin ƙarfen da aka yi harsashi ko ɓallin bam da shi ba, ƙa'ida ita ce a guje ta. Inda take da amfani shi ne wajen neman itace ko roba, bayan an tabbatar babu ƙarfe.

3.4 Yadda Ra'ayin Likitoci Ya Sauya

Ilimin wannan tiyata a fagen yaƙi aka fi samun sa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan Amurka Harvey Cushing ya yi aiki a wani asibitin soja da ke Beljiyam a 1917. Ya riƙa yanke gefen raunin, ya zuƙe mataccen nama da ɓarɓashin ƙashi da siririyar roba, ya jawo ƙarfen da ke kusa da maganaɗisu, sannan ya ɗinke fatar kai ruf. A rahoton da ya buga a 1918 ya nuna cewa mace-macen waɗanda rauni ya keta musu tantani sun sauko daga kusan kashi 55 cikin 100 zuwa kusan kashi 29. Wannan ya faru ne tun kafin a samu maganin penisilin, wanda ya zo a Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara rage ruɓewar rauni.

Daga nan ra'ayin ya yi ƙarfi cewa duk ɓarɓashin ƙashin da aka bari a ciki zai zama tushen mugunya. A yaƙin Biyetnam likitocin sojan Amurka sun riƙa bin hanyar harsashi har ƙarshenta, kuma idan hoto ya nuna an bar wani ɓalli sai a sake mayar da majinyaci ɗakin tiyata. Daga baya aka lura cewa wannan bibiya tana cin lafiyayyen nama, wato garin neman gira ana rasa ido.

Samuwar siti-sikan ta ba da damar gwada wata hanya. Likitocin Isra'ila da suka kula da waɗanda aka raunata a yaƙin Labanan na 1982 sun taƙaita aikinsu ga wanke bakin rauni da cire abin da ke kusa, suka bar na can ciki. Da aka bi majinyatan tsawon shekaru, ba a ga cewa barin ɓarɓashin ya ƙara yawan ruɓewa ba. Binciken Aarabi a Iran shi ma ya nuna cewa abin da ya fi jawo ruɓewa shi ne yoyon ruwan ƙwaƙwalwa, da raunin da ya ratsa ramukan iska ko rijiyoyin ruwa. Bisa ga waɗannan hujjoji, ƙa'idojin da masana suka wallafa a Amurka a 2001 ba su goyi bayan bin ɓallin da ya yi nisa ba, kuma ba su goyi bayan sake tiyata don kawai ciro shi ba.

3.5 Aikin Tiyata

Manufar tiyata ita ce a rage matsi a cikin kai, a cire mataccen nama da dattin da hannu zai kai gare shi, a tsayar da jini, a kuma rufe tantani ta yadda ruwa ba zai fita ba. Ana son a yi aikin da wuri, galibi cikin sa'o'i 12 na farko. Girman aikin kuwa ya danganta ne da abin da hoto ya nuna.

3.5.1 Ƙaramin Rauni

Idan mashigar ƙarama ce, fatar kai ba ta mutu ba, kuma hoto bai nuna gudan jini ko karkatar layin tsakiya ba, ana iya wanke raunin a ɗinke, a ci gaba da lura da majinyaci tare da maimaita hoto.

3.5.2 Buɗe Ƙoƙon Kai

Idan ƙashi ya farfashe sosai, ko akwai gudan jini da ke tura ƙwaƙwalwa, sai a buɗe kai. Likita yakan yanke mataccen gefen fata, ya buɗe ƙashi kewaye da mashigar har ya ga lafiyayyen tantani ta kowane gefe. Daga nan sai ya kwashe gudan jini, ya wanke hanyar raunin da ruwan gishiri a hankali, ruwan ya kwararo da gashi da ɓarɓashin ƙashi da mataccen nama. Abin da ya fito da sauƙi an cire shi, abin da ya yi nisa a bar shi. Akan ciro harsashi ne idan yana kusa, ko yana yawo daga wuri zuwa wuri, ko ya toshe magudanar ruwan ƙwaƙwalwa, ko kuma mugunya ta taru a kewayensa.

Rufe tantani shi ne mataki mafi muhimmanci wajen hana ruɓewa. Idan ya yage ta yadda ba zai haɗu ba, sai a yi masa faci da tantanin da ke lulluɓe da ƙoƙon kai daga waje, ko na tsokar gefen kai, ko na cinyar majinyacin. Idan kuma ramin iska na goshi ya buɗe, sai a kankare cikinsa a toshe shi, a raba shi da ƙwaƙwalwa.

3.5.3 Cire Ɓangaren Ƙoƙon Kai

Ƙoƙon kan baligi akwati ne da ba ya buɗewa, kuma abubuwa uku ne suka cika shi: ƙwaƙwalwa da jini da ruwa. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura ba ta da inda za ta je, sai matsi ya hau har ya hana jini shiga. Akan sa wata 'yar na'ura a cikin kai don auna wannan matsi, kuma bisa ƙa'idojin 2016 ana ɗaukar mataki idan ya wuce milimita 22 a ma'aunin zaiba. Da farko ana ɗaga kan gado, a ba da maganin manitol ko ruwan gishiri mai kauri, ko a tsiyaye ruwan ƙwaƙwalwa ta bututu. Idan duk wannan bai yi ba, ko kuma tun farko kumburin ya yi tsanani, sai a cire babban ɓangaren ƙashi a ɗinke fata a kai, ƙwaƙwalwa ta samu sarari. Likitocin sojan Amurka sun yi amfani da wannan hanya sosai a yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan, kafin a ɗauki majinyata a jirgin sama zuwa manyan asibitoci.

Irin wannan aiki aka yi wa Malala Yousafzai bayan an harbe ta a yankin Suwat na Fakistan a ranar 9 ga Oktoba, 2012. Harsashin ya shiga ta gefen hagu na goshinta ya gangara wuya, ɓarɓashin ƙashi kuma ya taɓa ƙwaƙwalwa ta kumbura. A asibitin soja na Peshawar aka cire mata ɓangaren ƙoƙon kai, aka ajiye ƙashin a ƙarƙashin fatar cikinta. A watan Fabrairu na 2013, a asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Bamingam ta Ingila, aka rufe gurbin da farantin ƙarfen taitaniyam. Wannan aiki na biyu akan yi shi ne bayan makonni ko watanni, idan kumburi ya sauka kuma babu alamar ruɓewa.

3.5.4 Abin da Ya Kafe a Kai

Wani lokaci akan kawo majinyaci da wuƙa ko ƙusa ko kibiya kafe a kansa. Likitoci a arewacin Nijeriya sun yi rubuce-rubuce a kan raunin kibiya a kai da wuya, saboda har yanzu ana samun sa a wasu yankunan karkara. Ƙa'ida a nan ita ce kada a zare abin a wurin da abin ya faru, kuma kada a girgiza shi. Sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar da ya huda, zare shi kuwa zai saki jini a inda hannu ba zai kai ba. Kibiya mai kunne ta fi haɗari, domin kunnuwan za su yago nama da jijiyoyi a kan hanyar fita. Abin da ake yi shi ne a tallafe ta da ƙyalle don kada ta motsa, a asibiti a rage tsawon karan idan zai hana shiga na'urar hoto, a ɗauki hoton jijiyoyi, sannan a ɗakin tiyata a yanke ƙashin da ke kewaye da ita, a zare ta a hankali ta hanyar da ta shiga, likita yana kallo kuma a shirye yake ya tsayar da jini.

3.6 Magunguna da Matsalolin Bayan Tiyata

Ana fara magungunan kashe ƙwayoyin cuta tun daga isowar majinyaci, a kuma yi masa allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Duk da haka ana iya samun sanƙarau ko taruwar mugunya a cikin ƙwaƙwalwa, mafi yawa a makonnin farko. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya da komawar suma alamu ne da ke sa a maimaita siti-sikan tare da rini. Ruwa fari da ke ɗiga ta rauni ko hanci ko kunne alama ce ta yoyo, kuma idan bai tsaya ba sai an koma an toshe.

Farfaɗiya ta fi yawa a wannan rauni fiye da raunin da bai huda ba. Binciken da aka yi a kan tsofaffin sojojin Amurka na Biyetnam ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 sun kamu da ita cikin shekara 15. Akan ba da maganin fenitoyin ko lebetirasetam na kwana 7. Wani gwaji da aka buga a 1990 ya nuna cewa fenitoyin yana rage farfaɗiyar makon farko, amma ba ya hana wadda ke zuwa daga baya. Maganin sitiroyid kuwa, wanda a da ake bayarwa don rage kumburi, an daina shi a raunin kai, domin babban gwajin da aka buga a 2004 a kan majinyata fiye da 10,000 ya nuna yana ƙara mace-mace.

Wanda ya tsira yakan buƙaci dogon horo na motsa gaɓoɓi da koyon magana, kuma iyalansa na iya ganin sauyi a halayensa, musamman idan raunin ya taɓa gaban ƙwaƙwalwa.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar raunin da ya huda ƙwaƙwalwa da ire-irensa, da matakan da ake ɗauka kafin hoto. An nuna cewa siti-sikan shi ne hoton farko, hoton jijiyoyi na biye da shi idan ana zargin jijiya ta taɓu, em-ar-ai kuwa ana guje masa matuƙar akwai ƙarfe. Haka kuma an ga yadda likitoci suka taso daga bin kowane ɓalli zuwa taƙaita aiki ga kwashe gudan jini, da rage matsi, da wanke rauni, da rufe tantani. Saboda haka, ganin harsashi a hoton majinyaci bayan tiyata ba ya nufin aikin bai kammala ba. Sau da yawa da gangan aka bar shi don a tsirar da naman da ke kewaye da shi. A babi na gaba za a duba yadda ake kula da majinyaci bayan an sallame shi daga asibiti.